Lauje, Gatari da Gefen Gona: Ƙaunar Maƙwabci a Koyarwar Yahudawa

Idan an gama yankan shinkafa a fadamun Yauri, daga Yelwa har zuwa Shanga, ba nan take ake watsewa daga gona ba. Masu yanka na juya baya sai ka ga mata da yara sun shigo da kwanuka da tsofaffin buhuna, suna sunkuyawa suna tsintar abin da ya kuɓuce wa lauje. Kala ke nan. Wani mai gonar ya kau da kai ya bar su, wani ya sa yaro ya kore su, kuma babu alƙalin da zai kira shi a kan haka, domin a wurinmu kala alfarma ce. A tsohuwar shari'ar Yahudawa kuwa haƙƙi ce. Zangarniyar da ta faɗi daga hannun mai girbi ta fita daga mallakarsa, kuma malamansu sun ɗauki wanda ya hana matalauci tsintarta a matsayin wanda ya yi masa ƙwace.

Wannan doka tana cikin babi na 19 na littafi na uku na Attaurar da ke hannunsu, wanda Kiristoci masu karatu da Hausa suka sani da Littafin Firistoci. A wannan babin ne kuma, a aya ta 18, umarnin ƙaunar maƙwabci ya zo, wato mutum ya so wa na kusa da shi irin son da yake yi wa ransa. Kusancin dokokin biyu ba haɗuwar banza ba ce, kuma shi ne mabuɗin fahimtar yadda Yahudawa suka ɗauki ƙauna a addini.

Mutumin Yelwa na iya tsufa bai taɓa haɗa ido da Bayahude ba. Sunan muna jinsa a wurin tafsiri cikin azumi, muna jinsa a labarun Falasɗinu. Tsofaffin al'ummominsu sun fi zama can ƙetaren Sahara, irin su Tuwat a kudancin Aljeriya ta yau, inda Shehu Magili ya sa aka rushe majami'arsu wajen 1492 kafin ya iso Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Saboda haka littattafansu baƙi ne a gare mu, kuma sai an ɗan jera su. Attaura ita ce tushe. A kanta aka gina Mishna, tarin hukunce-hukuncen da aka haɗa wajen shekara ta 200 Miladiyya. A kan Mishna kuma aka gina Talmud, doguwar muhawarar malamai wadda babbarta aka kammala a ƙasar Iraƙi ta yau kusan ƙarni na 6. Malamin nasu suna kiransa "rabbi", ma'ana malamina. Ma'anarsa ta sha bamban da "Ya Rabbi" na addu'armu, don haka a nan za mu ce Malam kawai. A lissafin waɗannan malamai, umarnin Attaura 613 ne: 248 na aikatawa, 365 na bari.

Wanda ya ji 613 dole ya tambaya ko akwai igiya ɗaya da ta ɗaure su. Talmud ta kawo labarin wani baƙo, ba Bayahude ba, da ya je wa manyan malaman Ƙudus biyu, jim kaɗan kafin zamanin Annabi Isa (AS), ya nemi a koya masa Attaura duka yana tsaye a ƙafa ɗaya. Malam Shammai ya ga rainin wayo ne, ya kore shi da sandan awon gini da ke hannunsa. Malam Hillel, wanda ya zo daga Babila, ya amsa masa. Ya ce ya guji yi wa ɗan'uwansa duk abin da shi kansa ba zai so a yi masa ba, ya ce wannan ita ce Attaurar, sauran duk sharhi ne a kanta, sannan ya tura shi ya je ya karanci sharhin. Masu kawo labarin sukan manta da ƙarshen nan, alhali rabin amsar ke nan. Hillel bai soke sauran dokokin ba. Ya nuna wa baƙon abin da suke yi wa hidima ne, ya kuma bar masa aikin koyonsu.

A lura kuma da yadda ya juya umarnin daga "yi" zuwa "kada ka yi". Zuciya ba ta cika bin umarni ba, amma kowa ya san zafin da ya taɓa ji, kuma daga nan zai iya auna na wani.

Bayan kusan shekara ɗari sai Malam Akiba, makiyayin da aka ce bai fara karatu ba sai da ya kai arba'in, wanda Rumawa suka kashe a zamanin tawayen Bar Kokba da ya ɓarke a 132. Shi ya fito ƙarara ya kira ayar ƙaunar maƙwabci babbar ƙa'idar Attaura. Abokin karatunsa Ben Azzai ya ce akwai wadda ta fi ta girma, ita ce ayar da ke farkon babi na 5 na littafin Farawa, mai ba da labarin zuriyar Adamu da darajar da Allah Ya halicci ɗan Adam da ita. Hujjar tana da zurfi. Idan ma'aunin ƙauna shi ne kaina, to ina makomar maƙwabcin mutumin da ya raina kansa? Wanda aka wulaƙanta har ya saba zai iya cewa kowa ma ya ɗanɗana. Amma idan ma'aunin shi ne darajar da Mahalicci Ya ba mutum, to ba ta hawa ba ta sauka da halin da nake ciki. Littattafan sun ajiye ra'ayoyin biyu kafaɗa da kafaɗa, ba su goge ko ɗaya ba, kuma haka al'adarsu take a mafi yawan saɓani.

Abin da ya mayar da wannan koyarwa ginshiƙi ya faru ne a shekara ta 70. Kafin nan ibadar Yahudawa tana kewaye ne da Haikalin Ƙudus: can ake yanka, can ake neman gafara ta hannun limaman gado. A shekarar sojojin Rum suka ƙone shi. Al'ummar ta wayi gari babu wurin hadaya, kamar a ce mutane sun tashi sun tarar babu alƙibla. An ruwaito cewa Malam Yohanan ben Zakkai ya bi ta kangon da almajirinsa, almajirin ya fashe da kuka yana cewa wurin kankare zunubi ya tafi. Malamin ya lallashe shi da cewa akwai wata kaffara da ta kai wannan, ita ce ayyukan alheri ga mutane, ya kafa hujja da littafin Hosiya, inda aka fifita jinƙai a kan yanka. Da suka zo neman dalilin masifar kuma, Talmud ba ta tsaya kan ƙarfin Rumawa ba. Ta ce mutanen zamanin suna karatu, suna kiyaye dokoki, amma ƙiyayya marar dalili ta cika tsakaninsu, ita ta rushe Haikalin. Al'ummar da ta karanta rushewarta a haka, ba mamaki ta sa gyaran tsakani a tsakiyar addininta.

Sai dai ta yaya ake hukunci da ƙauna? Malam Nahmanides na Kataloniya, a ƙasar Sifen ta yau, wanda ya rasu a 1270, ya faɗi gaskiya cewa zuciyar ɗan Adam ba za ta iya son wani daidai da kanta ba. Abin da ake nema, in ji shi, mutum ya so wa ɗan'uwansa kowane irin alheri ba tare da ya ɓoye burin ya fi shi ba. Sauran malamai sun bi wata hanyar: suka farfasa ƙaunar zuwa ayyukan da ido ke gani. Babi na 19 ɗin kansa ya share musu hanya, domin kafin ya kai ga ƙauna sai da ya hana kwana da ladan lebura, ya hana zagin kurma da sa wa makaho abin tuntuɓe, ya hana yawo da tsegumi, ya hana ramuwa da riƙo.

Dubi yadda suka bambance waɗannan biyun na ƙarshe, da misalin da manomin Ngaski zai gane ba tare da tafinta ba. Ka je aron lauje wurin maƙwabcinka ya hana ka. Washegari ya zo aron gatarinka. Idan ka hana shi don ya hana ka jiya, ka yi ramuwa. Idan kuwa ka miƙa masa gatarin, amma ka haɗa da tuna masa cewa kai ba irinsa ba ne, ka yi riƙo, kuma shi ma haramun ne. Mafi yawanmu za mu ga na biyun ya yi abin kirki, tunda gatari ya tafi. Su suka ce hannu ya bayar, harshe ya karɓe.

Haka suka yi da gona. Attaura ta ce a bar gefen gona ba a girbe ba, ba ta faɗi nawa ba. Mishna ta sa ƙasa: kada ya gaza kashi ɗaya cikin sittin. Zangarniya ɗaya ko biyu in sun faɗi, na matalauci ne, uku a tare na mai gona. An ware lokuta uku a yini, safe, tsakar rana da yamma, don kowa ya samu shiga daidai da halinsa. An hana masu kalar shiga da lauje don kada su sassari juna wajen wawa. An hana mai gona ya zaɓi wanda zai bari ya shiga. Hikimar a fili take: matalauci na girbe rabonsa da hannunsa, ba ya durƙusa wa kowa, ba ya bin kowa da godiya.

Da suka watsu cikin birane, noma ya ragu, sai nauyin ya koma kan kuɗi. Kalmar ita ce "tsedaka", 'yar'uwar "sadaka" tamu ta Larabci, tushensu ɗaya. Amma a Ibrananci ma'anarta ta fi karkata ga adalci, don haka ta fi kama da zakka a wajen tilas. Abin da aka saba shi ne kashi ɗaya cikin goma na abin da mutum ya samu, an kuma hana wuce kashi ɗaya cikin biyar don kada mai bayarwa ya koma mai roƙo. Kowane gari na da asusu: mutum biyu ke tarawa, uku ke rabawa duk Juma'a. Har wanda ke ci daga asusun an ce ya ba da ɗan abin da ya samu. Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba wanda ya yi likitanci a fadar Masar a zamanin Salahuddin ya rasu a 1204, ya jera bayarwa hawa takwas. Na ƙasa shi ne mai bayarwa da ɓacin fuska. A tsakiya akwai malaman da ke jefa kuɗi ta ƙofar mabuƙaci da dare su gudu, da masu ɗaure kuɗi a mayafi su rataya a baya don matalauci ya ɗauka ba su ga fuskarsa ba. Sama da su akwai inda mai bayarwa da mai karɓa ba su san juna ba. Ƙololuwa kuwa ita ce ka ba mutum rance, ko jari, ko aiki, ko ka shiga haɗin gwiwa da shi, har ya daina buƙatar kowa. A bakin tafkin Kainji, wannan shi ne bambancin ba mutum kifin miya da saya masa koma.

Sama da tsedaka suka ɗora abin da suke kira "hesed", wato alheri (kada kunne ya ruɗe ta da hassada). Sun ce ya fi sadaka ta fuska uku: sadaka da dukiya ake yinta, alheri da dukiya da jiki, sadaka ta matalauci ce, alheri har mai kuɗi na buƙatarsa, sadaka ta rayayye ce, alheri har mamaci na samu. A nan suka sa gaida marar lafiya, ta'aziyya, saukar baƙo, aurar da marainiya da suturta gawa. Har yau kusan kowace al'ummarsu na da ƙungiyar wanka da binne mamaci, da asusun rance marar ruwa.

Akwai wani hukunci da mutanen wannan yanki za su karanta da wani irin ido. Daga babi na 19 ɗin nan, inda aka hana mutum ya tsaya kallo jinin ɗan'uwansa na zuba, Talmud ta fitar da wajibcin ceto, ta kuma kawo misali uku: wanda ke nutsewa a kogi, wanda naman daji ya kama, da wanda 'yan fashi suka tare. In ba ka iya da kanka, wajibi ne ka biya wanda zai iya. Ranar Asabar, wadda ko wuta ba sa kunnawa a cikinta, ana keta ta don ceton rai, har an ce wanda ya ga yaro ya faɗa ruwa ya jefa taru ya fito da shi ba tare da neman fatawa ba. Wanda ya tuna ranar 26 ga Mayun 2021, da jirgin ruwa ya nutse da 'yan kasuwa kusa da Wara, masunta suka yi kwanaki suna laluben gawarwaki, ya san ba misalin littafi ba ne kawai.

Fansar wanda aka kama kuma sun sa ta a sahun gaba na ayyukan alheri, domin kamamme na fuskantar yunwa da ƙishirwa da kisa a lokaci ɗaya. Amma Mishna ta sa iyaka: kada a biya fiye da kima. Talmud ta ba da dalili biyu, kada a talauta jama'a, kuma kada a koya wa masu kamun cewa sana'ar na da riba. An kama babban malamin Jamus, Meir na Rotenburg, a 1286, ya rasu a tsare a 1293, kuma abin da aka ruwaito shi ne shi da kansa ya hana a biya maƙudan kuɗin da aka nema. Iyayen ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, da aka kwashe ranar 17 ga Yunin 2021, wasu 'yan matan suka kusa shekara biyu a daji, sun tsaya a tsakanin waɗannan hukunce-hukunce biyu da jikinsu. Littattafan ba su warware kullin ba. Sun dai yarda cewa ƙaunar mutum ɗaya na iya cin karo da ƙaunar jama'a, suka rubuta duka biyun.

Akiba ma, mai babbar ƙa'idar, ya san iyakarta. Da aka kawo mas'alar matafiya biyu a hamada da gorar ruwa da ba za ta ishi biyu ba, wani malami ya ce su raba su mutu tare. Akiba ya ce mai gorar ya sha, domin ransa ne a gaba.

Ranar da ta fi kowace girma a shekararsu ita ce Yom Kifur, ranar azumi da neman gafara. Hukuncinta zai yi wa Musulmi kama da abin da ya sani na haƙƙin Allah da haƙƙin bayi: ranar tana kankare abin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa, amma ba ta taɓa abin da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa sai ya je ya nemi yafiya, har sau uku in an ƙi. Kamannin bai tsaya nan ba. Aya ta 83 ta Suratul Baƙara ta ambaci alkawarin da aka riƙa daga Bani Isra'ila na kyautata wa iyaye, dangi, marayu da miskinai da kyakkyawar magana ga mutane. Aya ta 32 ta Suratul Ma'ida ta ambaci abin da aka wajabta musu game da nauyin rai guda, kuma irin wannan ma'ana tana cikin Mishna. Ɗan Islamiyya da ya haddace hadisi na 13 na Arba'una ya riga ya san ƙa'idar da Hillel ya ba baƙonsa.

Saura tambaya mai wuya: wane ne maƙwabcin? Da yawa daga malaman shari'arsu na da, har da Musa bin Maimun, sun fassara shi da ɗan'uwa Bayahude. Attaura ta hana cin ruwa a kan ɗan'uwa, ta halatta a kan baƙo. A ɗaya gefen, aya ta 34 ta babi na 19 ɗin nan na Littafin Firistoci ta yi umarni da ƙaunar baƙon da ke zaune a cikinsu, tana tuna musu baƙuncinsu a Masar, ko da yake malamai da yawa sun taƙaita ta ga wanda ya shiga addinin. Talmud ta ƙirga gargaɗi a kan cutar da baƙo a wurare 36, ta kuma yi umarni a ciyar da matalautan wasu al'ummomi, a gaida marasa lafiyarsu, a binne matattunsu, saboda zaman lafiya. Masana na baya-bayan nan, irin su Hermann Cohen na Jamus da ya rasu a 1918, sun dage cewa maƙwabci shi ne kowane ɗan Adam. Muhawarar ba ta ƙare ba.

Abin da ya fi burge ni a wannan tsari shi ne ƙin barin matalauci a hannun yanayin zuciyar mai arziki. Kashi ɗaya cikin sittin ƙaramin abu ne, amma ba ya jiran mai gona ya tashi da fara'a. Haɗarinsa kuma shi ne mutum ya tsaya cak a kan ma'auni ya ce ya sauke nauyi, kuma su ma sun gane haka, domin a wani wurin Talmud ta ɗora rushewar Ƙudus a kan alƙalan da suka tsaya kan harafin doka ba su ƙara da rangwame ba.

Na san kuma abin da ke zuciyar mai karatu a Yelwa: ina wannan koyarwa take ga abin da muke gani a Gaza? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ban ga dalilin kauce mata ba. An tsara mafi yawan waɗannan hukunce-hukunce ne a ƙarnonin da Yahudawa ba su da ƙasa ba su da soja. Tun 1948 ake gwada su da mulki da makami, kuma a ganina abin da aka yi wa fararen hula a Gaza ba ya tsayuwa a gaban babi na 19. Yahudawan duniya kimanin miliyan 15 ne zuwa 16, fiye da rabinsu ba a Isra'ila suke ba, kuma ba bakinsu ɗaya ba. Duk kaka, cikin Oktoba da Nuwamba, idan zaitun ya nuna a Yammacin Kogin Jodan, akwai 'yan kama-wuri-zauna da ke tare manoman Falasɗinawa su hana su tsinka. Akwai kuma wata ƙungiyar malaman Yahudawa masu kare haƙƙin ɗan Adam, da aka kafa a 1988, wadda mambobinta ke shiga gonakin su tsaya tsakanin manoman da masu korarsu, su ɗauki kwando su taya su tsinka har yamma.